Yadda Ake Aunawa da Haɗa Wayoyin Fulogi na Tsohuwar Tarakta

Akwai wata tsohuwar Ferguson mai ruwan toka da ta kusa shekara guda tana ba ni wahala. Da rana tsaka takan tashi salin alin, amma da sassafe, musamman idan an kwana ana ruwa, sai an yi ta fama da ita, in ma ta tashi sai ta riƙa ɗingishi, injin na girgiza. Na wanke kafireta, na sauya fulogi, na goge kwantak, wato 'yan ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da rufewa don wutar fulogi ta tashi, abin bai sauya zani ba. Ranar da na gano inda gizo ke saƙar, dare ne ya same ni a gona. Na ɗaga bonet injin na aiki, sai ga wata 'yar wuta shuɗiya tana tsalle daga jikin waya ta uku zuwa jikin injin, tas, tas, tas, daidai da ɗingishin. Wutar da ya kamata ta isa bakin fulogi tana zurarewa a hanya. Kuma a irin wannan tarakta tankin fetur yana saman injin ne, saboda haka nan take na kashe ta.

Wannan bayani na taraktoci masu shan fetur ne ko kananzir. Yawancin waɗanda ke aiki a gonakinmu yau masu shan gas ne, su kuwa ba su da fulogi balle wayarsa, matsin iska ne ke kunna musu mai. Waɗanda nake nufi su ne irin Ferguson TE20 da aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, da Ford 8N ta Amurka wadda aka yi daga 1947 zuwa 1952, da Farmall H, da sauran tsararrakinsu. Saitin waya da aka yi musu takanas ba kasafai ake samunsa a kasuwa ba. Wanda mai shago zai miƙo maka na mota ne, kuma ko dai ya yi tsawo, ko ya gaza, ko cikinsa bai dace da injinka ba. Gara ka sayi waya a mita ka yanka da kanka, kowace ɗaya daidai wurin zamanta.

Kaurin waya da abin da ke cikinta

Idan aka ce waya milimita 7 ce, kaurinta daga waje ake nufi, har da rigar roba. Zaren ƙarfen da ke ciki siriri ne ƙwarai, don wutar da ke bi ta ciki ba ta da yawa, tsananin turi ne da ita: kwayil yana ɗaga bolt 6 ko 12 na batir ya mai da shi dubbai, sama da 10,000. Aikin rigar shi ne ta tsare wannan wuta kada ta ɓulle ta gefe. Shi ya sa wayar lantarkin gida ba ta yi, komai kaurin jan ƙarfenta, domin rigarta ta 'yan ɗaruruwan bolt ce. Na sha ganin an zura wayar gida cikin tiyo an ɗaura wa inji. Tana iya yin kwanaki, amma ranar da raɓa ta sauka wuta za ta sami hanyar fita.

Milimita 7 shi ne ma'aunin kusan duk waɗannan tsofaffin taraktoci. Akwai ta milimita 5, ta ƙananan injina ce, za ta yi lako-lako a ramin murfin distiributa, wato na'urar da ke rarraba wuta zuwa kowane fulogi. Akwai ta 8 da abin da ya fi haka, ta motocin zamani, kuma mutane na ɗauka mai kauri ta fi ƙarfi. Ba za ta ƙara wa injinka ko ƙwayar wuta ba, sai dai ta ƙi shiga rami. A Ford 9N da 2N da 8N ta farko-farko ma wayoyin ta cikin wani bututun ƙarfe suke bi a saman inji, kuma guda huɗu masu kauri ba za su wuce ta ciki cikin sauƙi ba.

Babbar magana tana ciki. Feɗe bakin wayar kaɗan tun a shago ka duba da idonka. Idan ka ga silin ƙarfe, ja ko fari mai ƙyalli, wannan mai jan ƙarfe ce, farin kuwa shafen kuza ne da ke hana shi tsatsa. Idan ka ga baƙin zare mai laushi da ke baƙanta yatsa, wannan mai gawayi ce. An yi mai gawayi ne don ta rage ƙarar da wutar fulogi ke jefawa cikin rediyo da na'urorin mota, kuma tana yin haka ne ta hanyar tauye wutar: kowace santimita 30 tana da turjiyar om dubbai (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), alhali ta jan ƙarfe kusan sifiri ce. Motar zamani mai kwayil ƙaƙƙarfa ba ta damu ba. Tarakta mai batir bolt 6, wadda sitata ke shanye rabin ƙarfin batirin lokacin tayarwa, ba ta da rarar wutar da za ta zubar. Haka ma mai maganeto, wato na'urar da ke haifar da wutar fulogi ba tare da batir ba, wadda ƙarfin wutarta ya dogara da saurin juyawar inji, kuma lokacin tayarwa ne injin ya fi juyawa a hankali. Ga waɗannan, jan ƙarfe za ka saya, kada ka bari a lallashe ka da wani abu.

Wuri ɗaya ne nake sauya wannan shawara. Idan wani ya riga ya cire kwantak ya sa na'urar lantarki a cikin distiributa, duba takardar na'urar, domin wasu masu ƙera su suna gargaɗi kada a haɗa su da waya mai zallan ƙarfe. A nan sai ka nemi irin wadda aka naɗe siririn ƙarfe a kan zarenta, tana tsakanin biyun.

Ka kula da wani abu kuma. Turjiya tana iya ɓoyewa a wuri uku: cikin waya, cikin fulogi, wanda galibi za ka ga harafin R a lambarsa, da cikin hular fulogi. Hulunan babur da suka cika kasuwa da yawansu suna da om 5,000 a ciki. Idan ka tara duka ukun a kan tsohon kwayil, kai da kanka ka shaƙe wutar. Ga tarakta mai kwantak ni hula marar turjiya nake sa wa.

Mita 3 na waya ya ishi inji mai silinda huɗu har da rarar gyaran kuskure. Sai tamina, wato ƙarfen da ake matsewa a bakin waya, na ɓangaren fulogi da na ɓangaren distiributa, da hulunan roba na kowane ɓangare, ka ƙara biyu-biyu a kan abin da kake buƙata don na farko yakan lalace a hannu. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi ko reza, filaya, filayar matse tamina in akwai, igiya, salatif na takarda da biro, ɗan ruwan sabulu, da mitar da riwaya ke gwada waya da ita.

Kafin ka cire komai

Kashe makulli, sa giya a firi, danne birki, cire kan batir. Idan mai maganeto ce, cire batir bai kashe ta ba, ita ke haifar da wutarta, don haka ka tabbata makunninta yana kan kashewa kafin ka taɓa juya inji.

Yanzu ka lamba tsofaffin wayoyi tun suna wurinsu. Silinda ta ɗaya ita ce ta kusa da lagireto, sai ka ƙirgo baya. Naɗa salatif a kowace waya ka rubuta lambarta, ka kuma sa alama a jikin murfin distiributa daidai ramin da kowace ta shiga. Ɗauki hoto da wayar hannunka ta gefe biyu. Hanya mafi aminci ita ce ka riƙa cire ɗaya, ka haɗa sabuwarta, ka mayar, sannan ka taɓa ta gaba. Wanda ya fizge duka huɗun a lokaci guda ya sayo wa kansa aikin yini.

To, in ka tarar da taraktar babu wayoyi, ko wani ya riga ya hargitsa su fa? Sai ka nemo ta ɗaya da kanka. Kwance fulogin silinda ta ɗaya, toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya maka injin a hankali da ƙarfen tayarwa na hannu. Za ka ji iska na turo yatsanka, alamar fistin na hawa a zagayen matsi. A ci gaba a hankali har turin ya tsaya. Buɗe murfin distiributa ka ga inda bakin rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a ciki, ya nuna, ramin da ke daidai wurin shi ne na waya ta ɗaya. Tun ana juyawa ka lura da ɓangaren da rota ke bi, kada ka yi zato, ka gani da idonka. Daga ramin farko sai ka bi wannan ɓangare kana jera sauran bisa jerin wutar injin, wanda bakanikai ke kira faya oda. Na Ferguson TE20 da Farmall H shi ne 1-3-4-2. Na Ford 9N da 2N da 8N kuwa 1-2-4-3 ne, kuma nan ne mutane ke yawan tuntuɓe, domin hannu ya saba da jerin farko. Mai juya ƙarfen kuma kada ya zagaye shi da babban yatsa, ya ajiye yatsan gefe ɗaya da sauran, saboda in injin ya mayar da bugu yana iya karya hannu.

Awo

Kada ka dogara da tsawon tsohuwar waya sai ka tabbata ta zauna daidai, don sau da yawa ita ma wani ne ya yanka ta da ka. Ɗauki igiya mai ɗan tauri, sa bakinta a ramin murfin distiributa, ka bi da ita ainihin hanyar da kake son wayar ta bi har kan fulogi: ta cikin maƙalai, ta bayan bututu, nesa da fanka da fanbel. Inda za ta yi kwana, bar ta ta lanƙwasa a sake kamar bakan gizo, kada ka karya ta. Sa alama a igiyar, ka shimfiɗa ta a kan sabuwar waya.

A kan wannan tsawo ka ƙara santimita 3 na feɗewa, wato ɗaya da rabi a kowane baki, sannan ka ƙara kamar santimita 2 ko 3 na sassauci. Sassaucin nan yana da dalili biyu. Inji yana girgiza, kuma waya mai ɗaurin gwarmai a hankali za ta zare kanta daga rami ko ta tsinke daga cikin tamina. Na biyu, a irin distiributar da ake juya jikinta wajen saita lokacin wuta, dole wayoyin su ba ta damar motsawa. Amma kada tsoron gajarta ya sa ka bar su suna reto. Waya mai tsawo fiye da kima ita ce ke kwanciya a kan manifol, wato bututun da hayaƙi ke bi ya fita daga inji, ta narke, ko ta goga da ƙarfe har rigarta ta cinye, ko reshe ya fizge ta a gona. Tsakaninta da manifol ko salansa a sami aƙalla faɗin yatsu uku.

Fara yanka mafi tsawo. In ka yi kuskure ta gaza, sai ta zama ta silinda mafi kusa, ba ka yi asara ba. Yanka ya zama a miƙe, da wuƙa mai kaifi a kan katako, don almakashi yana murƙushe bakin. Kada ka manta da ta biyar, gajeriyar da ke tashi daga kwayil zuwa ramin tsakiya. Ita ce ke ɗaukar wutar duka silindoji huɗu, kuma ita aka fi mantawa a bari tsohuwa. Ford N mai distiributa a gaban inji, irin wadda aka yi kafin a mayar da ita gefe a 1950, ba ta da wannan waya, don kwayil ɗinta a kan distiributar yake zaune.

Feɗewa da matse tamina

Hular roba ce farkon shiga. Shafa ɗan ruwan sabulu a bakin waya, zura hular, tura ta baya kamar tsawon yatsa don ta ba ka wuri. Kada ka yi amfani da baƙin mai ko girisin inji, suna cin roba. Idan ka matse tamina kafin ka tuna da hula, sau da yawa sai ka yanke ka sake.

Auna santimita ɗaya da rabi daga baki. Ɗora wuƙa ka zagaya rigar a hankali, kada ka kai har ciki. Sai ka lanƙwasa wurin da yatsu, za ka ga robar ta buɗe da kanta, ka murɗa guntun ka zare. Duba silin ƙarfen da kyau. In ka ga ko biyu sun yanke, datse wurin ka sake, don nan ne za ta tsinke nan gaba. A waya mai gawayi ma sai ka fi haka taka-tsantsan, domin ƙarzane kaɗan ya isa ya raba zaren.

Yanzu lanƙwasa zaren cikin baya, ya kwanta a jikin rigar. Ɗora wayar cikin kwarin tamina yadda zaren da ka lanƙwasa zai kasance a ƙasa, yana manne da gindin ƙarfen, can nesa da inda fikafikan biyu za su haɗu. Wannan shi ne asirin aikin gaba ɗaya: fikafikan suna riƙe riga, zaren kuma yana matse tsakanin riga da ƙarfe. Bakin rigar ya ɗan leƙo gaban fikafikan kaɗan, amma kada ya shiga wurin da kan fulogi zai zauna.

Filayar matse tamina tana da haƙori mai lanƙwasa fikafikan biyu su nutse cikin roba a lokaci guda. In ba ka da ita, filaya ta gama-gari ma tana yi, sai dai da haƙuri: kwantar da fiffike ɗaya a kan rigar, ka kawo ɗayan a kansa, sannan ka zagaya kana matsawa kaɗan-kaɗan har ya rungume wayar. Kada ka danne shi ya baje kamar faranti, zai yanka rigar ya kuma ƙi shiga hula. Da ka gama, riƙe tamina da hannu ɗaya, waya da ɗayan, ka ja da ƙarfi. In ta motsa, ba ta yi ba.

Game da dalma, ra'ayi ya bambanta. Ni a waya mai jan ƙarfe nakan ɗiga ɗan kaɗan a inda zare ya taɓa tamina na ɓangaren distiributa, da hanzari, kafin zafi ya kai ga roba. In dalma ta yi yawa takan bi silin ƙarfen ciki ta sandarar da shi, girgiza kuma ta karya shi daidai inda taurin ya ƙare. Matsi mai kyau shi kaɗai ya wadatar. Mai gawayi kuwa ba a kusantar ta da dalma sam.

Tsofaffin murafan Lucas na taraktocin Ingila suna da nasu tsarin, kuma ba sa buƙatar tamina. Wani irin yana da noti na roba mai tauri da ake ɗaurawa: ka zura waya ta cikin notin, ka feɗe baki kaɗan, ka zura silin ta hudar wata 'yar washa ta tagulla, ka baza su a kanta kamar furen rana, sannan ka ɗaure notin. Wani irin kuma waya ta gefe take shiga, ba a feɗe ta, akwai kusa mai tsini daga cikin murfin da ake ɗaurawa ta huda riga ta taɓa ƙarfe. Sassauta kusar sosai, tura wayar har ƙarshen rami, sannan ka ɗaure. Duka tsarin biyu don jan ƙarfe aka yi su. Tsinin kusa yana yaga zaren gawayi ne kawai.

Sai ka jawo hular roba ta rufe tamina. A hula mai kwana, daidaita bakin tamina da bakin hular tun kafin ka ja, don juya shi a ciki yana da wuya.

Gwaji da ɗaurawa

Kafin ka kai kowace waya jikin inji, sa mita a kan awon om ka taɓa bakunan biyu. Ta jan ƙarfe za ta nuna kusan sifiri. Riƙe haka ka lanƙwasa wayar kusa da kowane tamina. In allura ko lamba ta yi tsalle, matsinka bai kama ba. Ta gawayi za ta nuna dubbai, kuma doguwa ta fi gajeriya, wannan daidai ne.

Leƙa cikin ramukan murfin distiributa da tocila. Koren tsatsa ko farin gari da ke ciki zai ɓata maka sabon aiki, don haka naɗe guntun sanfefa ka murza a ciki ka busa. Juya murfin ka duba cikinsa. Siririn baƙin layi kamar zanen fensir daga wannan ƙarfe zuwa wancan hanya ce da wuta ta riga ta ƙona wa kanta, kuma irin wannan murfi sai sauyawa.

Tura kowace waya har ka ji ta zauna a gindin rami, sannan ka sauko da hula. Iskar da ta maƙale cikin hula takan turo wayar waje daga baya, don haka ɗaga gefen hular da farce iskar ta fita. A ɓangaren fulogi za ka ji ɗan ƙas idan tamina ya kama. Wasu fulogai suna zuwa da ɗan kan da ake kwancewa, ka tabbata a ɗaure yake tam.

Wajen jera su, kada ka tattara duka ka ɗaure da salatif kamar damin dawa. Wuta mai wannan ƙarfi tana iya haifar da 'yar'uwarta a wayar da ke kwance da ita doguwar tafiya, sai wani fulogi ya tashi ba lokacinsa ba. Bar ɗan tazara a tsakaninsu da maƙalan roba, in kuma dole su haɗu, su gitta juna su wuce. Inda za su ratsa ƙarfe, sa zoben roba ko guntun tiyo a bakin hudar.

Mayar da kan batir ka tayar. In ta tashi tana tafiya sumul, madalla. In tana harbi ta salansa ko tana tari ta kafireta, kashe ta ka sake bin jerin, kusan kullum wayoyi biyu ne suka yi musanya. In ta ƙi tashi sam sai harbi jefi-jefi, wataƙila ka ɗauki ta ɗaya a zagayen fitar hayaƙi maimakon na matsi, sai ka koma gwajin yatsa. Kada ka kama waya da hannu injin na aiki. Bayan magariba ka sake tayar da ita a wuri mai duhu, a fili, ka fesa ɗan ruwa sama-sama a kan wayoyin ka zuba ido: bai kamata ka ga ƙyalli ko ɗaya ba. Bayan yinin farko na aiki a gona, idan injin ya huce, bi kowace hula ka danna, ka shafa jikin wayoyin da yatsa ka ji ko akwai inda ya fara goguwa ko ya yi laushi saboda zafi, ka matsar da maƙali tun rigar ba ta huje ba.